Sunana Ipapanti

Jama'a, ku yi haƙuri da rubutun yau. A kan matakalar benenmu nake zaune ina danna wayar nan, takalmin idi ma ban cire ba. A ƙasa, cikin kicin ɗin Mama, mata biyu sun shiga sun turo ƙofa, kuma aurena yana hannunsu. Kafin su fito bari in ba ku labarin tun daga tushe, don in ban faɗa wa wani ba cikina fashewa zai yi.

Kowa a garinmu Kalamata Pepi yake ce mini, har mai kawo mana burodi. Amma sunan da aka yi mini baftisma da shi Ipapanti ne. Eh, na sani, sai da kuka sake karantawa. A makarantarmu masu suna Mariya da Eleni sun yi yawa, sai an haɗa da sunan uba ake gane wadda ake kira. Ipapanti kuwa, a iya sanina, mu biyu ne: ni da babban cocin garinmu. Duk ranar da sabon malami ya zo kiran suna, sai in ji kamar in shige cikin kujera. 'Yan bayan aji su fara, "Dan, dan, dan! An buga ƙararrawa, a zo addu'a!" Tun daga nan na naɗe sunan na ɓoye, kuma na koyi yin shiru ina kallon mutane.

A gida ma sunan bai bar ni na huta ba. 'Yar fari sunan kakar wajen uba take ɗauka, ta biyu kuma na wajen uwa. Yaya Tasula ta ɗauki nata lafiya lau. Ni ce ya kamata in zama Zaharula, takwarar Kaka, mahaifiyar Mama da ke zaune tare da mu. Har gobe Kaka ba ta huce ba.

"Suna mai zaƙi kamar sukari," haka take cewa tana ɓarar wake, "aka tsallake shi aka je aka ɗauko sunan gini. Garifaliya ce ta yi mini wannan."

Garifaliya ita ce Nonata, wato matar da ta riƙe ni ranar baftisma, ta shafe ni da man zaitun tun daga kai har tafin ƙafa. Abin da na sani kawai, ranar idin Ipapanti aka haife ni, shi ya sa ta zaɓi sunan. In na matsa wa Mama da tambaya sai ta ce, "Ranar kika zo, sai me kuma?" ta juya wajen tukunya.

To, sai ga Anestis.

Ɗan birnin Pireyas ne, can nesa da mu, ya zo gyaran inji a wurin matsar zaitun inda nake manna takarda a jikin kwalabe. Dogo, gashinsa kullum a hargitse, hannunsa kullum da baƙin mai. Maganar farko da ya yi mini ita ce, "Ke kullum kallo, kamar kyanwar taga. Kina da murya kuwa?" Na ce, "Ina da ita, ina tattalinta ne." Ya yi dariya har sifana ta faɗi daga hannunsa. Sauran kun sani. Yau, ranar idin sunana da ƙofarmu ke buɗe ga kowa, aka tsayar mahaifiyarsa Kiriya Fotini, wato Uwargida Fotini, za ta zo daga Pireyas ta ga gidanmu, a yi magana ta manya.

Jiya da yamma muka je gona kaɗe ragowar zaitun. Baba ya ce Anestis ya zo ya taya mu, amma kowa ya san gwaji ne. An shimfiɗa raga a ƙarƙashin bishiyoyi, shi yana sama yana kaɗe rassa, Baba yana ƙasa hannu a baya yana cewa, "Ɗan birni, zaitun na ce ka kaɗo, ban ce ka aske bishiyar ba." Da ya sauko ya sunkuya zai ɗaga buhu, sai maɓallin rigarsa ya tsinke, sarƙarsa ta zubo waje tana lilo.

Ɗan ƙaramin gicciye na zinariya. Ganyen zaitun ya nannaɗe kowane hannu, ga ɗan jan dutse kamar ƙwayar rumman a tsakiya.

Na kai hannu wuyana. Na shafa nawa ta cikin riga. Ganye, ganye, dutse.

Wayyo ni. Nona ta sha gaya mini wani tsohon maƙerin zinariya ne ya ƙera shi da hannu, ba na kanti ba ne. Kuma gicciyen baftisma wanda ya shafa maka mai ne ke ba ka shi. In hannu ɗaya ya shafa wa namiji da mace mai, sun zama wa da ƙanwa ke nan, ba aure. Shi ya sa wadda ta fara riƙe mata, mata za ta yi ta riƙewa har ta mutu. Wasu 'yan zamani suna cewa ai yanzu ba a tsananta, amma ba a gidan da Kaka Zaharula ke numfashi ba. Tun muna yara take ba mu labarin 'yar kawunta Diyamanto, wadda aka gama ɗinka mata rigar aure sannan aka gano mai ɗaya ya shafe su da angon. Ta tsufa a ɗakinta, rigar na cikin akwati.

Ban san yadda na iso gida ba. Ina shiga ɗaki na tura masa saƙo.

Na ce: Sarƙar wuyanka, wa ya ba ka?

Ya ce: Au, ashe wuyana ake kallo ina can ina shan wahalar Babanki?

Na ce: Anestis, don Allah.

Ya ce: Ta baftisma ce. Nonata ce ta saya, haka na ji.

Na ce: Ya sunanta?

Ya ce: Ban sani ba fa. Wata ce 'yar garinku. Sun ɓata da Mama tun ina jariri, ba a kiran sunanta a gidanmu. Ko kyandir ɗin idin Ista da kowace Nona ke ba ɗanta ban taɓa samu daga wajenta ba, Baba ke saya mini. Lafiya dai, kyanwa?

Na ce: Lafiya lau.

'Yar garinku! Na kifa wayar a kan katifa na bi ta na kifa.

Yau da safe gidanmu kamar kasuwa. Mama na soya fulawa tana tsomawa a zuma tana barbaɗa gyaɗar Turawa, naman rago na cikin tanda da dankali da lemon tsami, an fito da farantan da ba a taɓawa sai baƙi na musamman. Yaya Tasula ta zaunar da ni ta naɗe mini gashi sama, na sa koriyar rigata mai dogon hannu, da 'yan kunnen Kaka, da baƙin takalmi mai tsini da ke cizon ɗan yatsana. Wayata sai ƙara take, dangi na turo "Allah ya sa ki mori sunanki."

Yaya Tasula ta leƙo fuskata ta madubi. "Ke, wace irin amarya ce wannan? Kamar wadda aka aika jana'iza."

"Kunya ce," in ji Mama daga kicin. "Ni dai roƙona ɗaya, Pepi. In baƙin nan suka zo, kada ki shige bayan firij kamar yadda kika saba."

Kaka ta ƙare mini kallo, ta tofa sau uku don maganin baki. "Tuf, tuf, tuf. Ta yi kyau. Da Zaharula ce da ta fi haka."

Na ce, "Mama, alewar pastelin da Nona ta ce za ta ajiye mana fa? Bari in karɓo."

"Yanzu? Cikin wannan cunkoson?"

Kafin ta rufe baki na kai ƙofa.

Gari ya cika ya batse. 'Yan ƙauye sun sauko tun asuba, 'yan makaranta da tutoci, masu busa da ganguna sun jeru suna jiran a fito da hoton Uwa Maryamu a zagaya gari da shi. Ni da ko a layin burodi ba na iya cewa a matsa mini, yau har da ture wani mai tumbi da gwiwar hannu.

Shagon Nona na bayan coci, ɗan tsukuku, ƙamshin zuma da soyayyen riɗi ke fara tarar mutum tun daga kwana. Tana tsaye gaban faffaɗan dutsenta tana yanka pasteli, alewar riɗin nan tata da babu irinta a garin, gajeriya, mai faɗi, da baƙin ɗankwali da muryar da ake ji daga bakin teku. Mutane sun yi layi har waje.

"Ga 'yata! Ga mai idi!" Ta rungumo ni ta sumbaci kumatuna biyu. "Allah ya ƙaro shekaru. Me ya fito da ke, ba yau surukai za su zo ba?"

Na kwance sarƙata na ajiye a kan dutsen, kusa da wuƙarta.

"Nona, na ga ɗan'uwansa."

"Ɗan'uwan wa?"

"Gicciyen. A wuyan Anestis."

Hannunta ya tsaya. "Ɗan Pireyas ɗin naki da kike ɓoye mini? Ya sunan uwarsa?"

"Fotini."

Jama'a, Nona ta saki wuƙa. Ta yi alamar gicciye sau uku, ta juya wajen masu layi. "An rufe! Kowa ya tafi addu'a, ba alewa ta kawo ku ba!" Wani tsoho ya ce ai ya daɗe a tsaye, ta cusa masa yanka ɗaya a hannu ta tura shi waje, ta ja ƙofa.

Na ce, "Nona, ke kika shafa masa mai?"

"Zauna."

"Eh ko a'a kawai!"

"Ke! Ni da na fito da ke duniya za ki ɗaga wa murya? Zauna na ce. Uwarki ta hana a gaya miki, amma yau dole."

Na zauna a kan buhun riɗi.

"Rana irin ta yau ce," ta fara, "cunkoso ya fi wannan. Ina tsaye a nan sai na hango wata yarinya da tsohon ciki a tsallake, ta dafa bango, fuskarta fari fat. Ban san ta ba, ko sunanta. Ta zo coci ne neman sauƙin haihuwa, da sauran wata guda da wani abu kafin lokacinta, ubanki yana gona. Mutane na wuce ta, kowa idonsa na kan hoto. Na fita da zuma a hannuna na tare ta, na jawo ta nan. Aka kira motar asibiti. Ta ina za ta shigo? Hanya ta toshe ko'ina. A nan, inda kike zaunen nan, kika faɗo."

Na ɗaga ƙafafuna na kalli buhun.

"Ba wannan buhun ba, sakara. Kika fito shiru. Jikinki shuɗi kamar ɗanyen ɓaure, ba kuka, ba motsi. Na murza, na hura, na ɗaɗa miki duka a baya, shiru. Uwarki ta suma. Na ce a raina yarinyar nan ba za ta koma ba suna ba. Kin san in rai na hannun Allah kuma babu Fada, limamin coci, a kusa, kowa na iya yin baftisma, ko da babu ruwa. A iska ake yi. Na ɗauke ki a tafin hannuna, sai na tuna ban san sunan da za a sa ba. Wa zan tambaya? A daidai nan aka fito da hoto, ƙararrawa ta kece, garin duka ya ɗauki waƙar idi. Na ce to, shi ke nan. Na ɗaga ki sama, baiwar Allah Ipapanti, da sunan Uba. Shiru. Na sake ɗagawa, da na Ɗa. Shiru. Na uku, da na Ruhu Mai Tsarki..."

Ta tsaya ta share ido da bakin ɗankwali.

"Kika tsandara ihun da ya fi ƙararrawar. Kika kuma yi mini fitsari har gwiwar hannu, marar kunya."

Ina kuka ina dariya. Kwalliyar da Yaya Tasula ta ɓata lokaci a kai duk ta bi hawaye.

"Kakarki ta yi ta fushi wai na sace mata suna. Sunan da aka kira ki da shi kika amsa kika dawo, wa zai canza shi? Kin ma san ma'anarsa?"

"Sunan coci ne mana."

Ta watsa mini yatsu biyar a fuska. "Ungo! Makarantar me kuka yi? Cocin ne ya ari sunan. Kalma ce ta mutanen da, tarba take nufi. Ba ka zauna baƙo ya same ka a ɗaki ba, a'a, ka tashi ka fita ka tare shi. Da Maryamu ta kai jariri Yesu haikali yana kwana arba'in, akwai tsoho Simeyon da ya ƙare rayuwarsa yana jiran ranar. Shi ya tare su, ya karɓi yaron a hannunsa. Wannan tarbar ita ce Ipapanti. Ke kuma kin mai da kanki Pepi, kina laɓewa a bayan labule."

"Nona," na ce, "Anestis fa?"

"Ina zuwa. Fotini ƙawata ce tun muna tallan ɓaure. Ni na riƙe musu kambin aure a coci, ita da angonta, kin kuwa san wadda ta riƙe kambi ita ke riƙe ɗan fari ranar baftisma. Ta haifi namiji a Pireyas, yana ta rarrafe ba suna tukuna, aka sa baftisma bayan Ista. Na sa aka ƙera gicciyen nan, na sayi 'yan kayansa farare, komai. Sai ga ki. Da kika yi ƙwari Fada ya ce a kawo ki a cika sauran, ni ce kuma zan shafa mai, tun da ni na fara. Uwata ta rasu tana gaya mini, Garifaliya, hannu ɗaya ba ya shafa mace ya shafa namiji. Na kwana ina juyi. Na hau mota har Pireyas da gicciyen a jaka, na ce Fotini, ki yafe mini, hannuna ya riga ya zama na mata, wa ya sani ko wata rana su haɗu."

Na miƙe tsaye ban sani ba. "Ke nan ba ki..."

"Ko ɗigo. Ko ƙofar cocin ban taka ba. Wani abokin mijinta ma'aikacin jirgin ruwa suka kamo a gurguje, shi ya shafa masa. Gicciyen dai mijin ya karɓa don kada a yi asara. Na dawo na ce wa maƙeri ya yi mini wani irinsa sak, naki ke nan."

Jama'a! Ni Pepi, da ko a biki ba na rawa, na daka tsalle da takalmi mai tsini, na rungume Nona muka yi ta juyi a cikin shagon har muka ture kwanon riɗi. "Ba yayana ba ne! Nona, ba yayana ba ne!" Ƙararrawa ta kama bugawa a waje kamar da ni take.

Nona ta bari na gama haukata, sannan ta riƙe kafaɗuna.

"Tsaya, 'yar nan. Da saura. Fotini ba ta sake yi mini magana ba tun ranar. An gayyaci mutane, ƙawa ta janye, abin kunya ne babba, ban ga laifinta ba. Ta ce da ni, saboda jaririyar da kika tsinta a titi za ki wulaƙanta ɗana? Yaushe ɗan Pireyas zai haɗu da 'yar Kalamata har zancen aure ya taso? Ta tambayi sunan jaririyar, na faɗa mata. Ta ce sunan nan kada Allah ya sa ta sake jin sa." Ta dube ni. "Da wane suna ta san ki?"

Murnata ta tsaya cak. "Pepi."

Wayata ta yi ƙara. Anestis ne: Na tarbo ta a tasha. Mama ta sayo kek ya fi tayar mota girma. Tana ta tambaya Pepi gajeren wane suna ne, na ce ki faɗa mata da bakinki. Mun kusa kwanar gidanku.

Na nuna wa Nona. Na ce, "In ce mata Kaliyopi? Ko Despina? Daga baya, bayan an saba..."

"Ranar ɗaurin aure Fada zai kira Kaliyopi ne?" Ta ɗaura mini sarƙata da kanta, ta fito da gicciyen saman riga. Ta cire gyauton aikinta, ta ɗauki tiren pasteli. "Mu je. Ni ma na gaji da ɓuya."

Ta lunguna muka bi muka shiga ta ƙofar baya. Mama ta gan ni ta dafe ƙirji. "Na shiga uku, me ya sami fuskarki? Garifaliya, me kika gaya mata?"

"Abin da ya kamata ki gaya mata tuntuni."

Yaya Tasula ta leƙa taga. "Ga su nan! Sun shigo layi! Pepi, maza haye sama ki gyara ido, ni zan buɗe."

Ƙafata ta riga ta juya wajen matakala, don ta saba. Sai hannuna ya kai kan gicciyen, na ji sanyinsa. Na goge ƙasan idona da yatsa, na wuce Yaya Tasula, na buɗe ƙofar gaba na fita titi.

Na ji Mama a bayana tana cewa, "Ina za ta? Wannan Pepi ce kuwa?"

Suna tahowa. Anestis cikin farar riga, an taje gashin nan da ƙyar. Kusa da shi doguwar mace siririya, cikin shuɗiyar kwat, gashinta fari a ɗaure tsaf, ta rungumo kwalin kek. Ban jira sun iso ba. Na taka har tsakiyar layi, maƙwabta duk suna kan baranda, na tsaya a gabanta.

"Sannu da zuwa, Kiriya Fotini. Sannu da hanya."

Ta yi murmushi. "To, ga Pepin da aka hana mu barci saboda ita. Tubarkalla."

"Sunana Ipapanti."

Wallahi ban san muryata na da ƙarfi haka ba. Murmushin ya tafi. Idonta ya sauka kan wuyana, ya daɗe a wurin, sannan ya koma kan wuyan ɗanta.

"Mama, lafiya?" in ji Anestis.

Ba ta ko kalle shi ba. "Ke ce ta shagon alewa."

"Ni ce."

"Ke ce aka ajiye ɗana saboda ke."

"Ni ce, Kiriya. Yau na ji labarin." Na dubi Anestis. "Da ba ta ajiye shi ba, da yau yayana ne."

Kiriya Fotini ta sunkuyar da kai. Leɓenta ya motsa, a hankali ta ce, kamar da kanta take, "Na ce mata har abada ba za su haɗu ba."

"Na ce miki ko ban ce miki ba?"

Nona ce, a bakin ƙofarmu, da tire a hannu. Kiriya Fotini ta ɗago. Suka tsaya suna kallon juna.

"Kin tsufa, Garifaliya."

"Ke kuma har yanzu ba ki yi ƙiba ba. Baƙin rai ne."

Kiriya Fotini ta danƙa wa Anestis kwalin kek. "Riƙe." Ta wuce ni, ta wuce Baba da ya miƙo hannu zai gaishe ta, ta kama Nona a damtse ta ja ta kicin, ta ce wa Mama, "Ki ba mu aron ɗakin nan," suka turo ƙofa.

To, kun ji inda aka kwana. Da farko ihu muka yi ta ji. "Kin kunyata ni a gaban dangin mijina!" "Da kin ɗaga waya da kin ji bayani!" Wani abu ya faɗi, Mama ta ce wayyo farantanta. Daga nan sai ihun ya lafa. Baba ya ja Anestis falo yana zuba masa abin sha yana cewa, "Sha, ɗana, wannan ba aikin inji ba ne, ba ka iya gyara shi." Kaka ta ja kujera ta kafa kunne a jikin ƙofar, ko kunya. Ni kuma na haye nan na fayyace wa Anestis komai ta waya. Amsarsa: Wato tun kina 'yar awa ɗaya kika ƙwace mini Nona. Yanzu kuma kin haɗa da ni.

Tsaya. Ƙofa ta buɗe.

Jama'a, tare suka fito! Idanun Kiriya Fotini jawur, ga guntun pasteli a hannunta ta gutsura, ga Nona na fyace hanci da ɗankwali. Tana waige-waige.

"Ina yarinyar? Ipapanti!"

Da cikakkensa ta kira. A gidanmu, gaban kowa.

"Sauko in gan ki da kyau, ɗazu ban gan ki ba, fushi nake gani. Kuma tun da kowa na nan, a ji da kyau tun yanzu, kada a zo ana 'yan kame-kame. In Allah ya kawo 'ya mace, sunanta Fotini."

Kaka ta buga sandarta a ƙasa har kofuna suka yi ƙara.

"Sai dai in bayan raina! An tsallake ni sau ɗaya, ba za a yi na biyu ba. Zaharula!"

"Ke kuma wace ce, Iya?"

"Mai gidan da kike tsaye a ciki!"

Saƙon Anestis ya shigo: Kyanwa, ƙofar baya a buɗe take. Mu gudu?

Na rubuta masa: Gudu kai kaɗai. Ni an kira sunana.

Bari in sauka.